Yadda Wa'azin Lahadi Ya Daina Kwana a Cikin Kwamfuta

Ina cikin 'yan sashen ɗaukar hoto da sauti na ikkilisiyarmu, kuma aikin da ya faɗo a hannuna shi ne tace bidiyon sujadar Lahadi da fitar da shi domin waɗanda ba su sami zuwa ba. Ban karanci wannan sana'a a makaranta ba, ban kuma nemi aikin ba. A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe wuraren taruwa a ƙasashe da dama, dattawan ikkilisiya suka nemi wanda yake da kwamfuta mai ɗan ƙarfi, wanda kuma zai iya zama a gabanta ba tare da ƙosawa ba, sai aka nuna ni. Na karɓa bisa zaton abin na 'yan makonni ne. Daga baya aka buɗe ƙofofi, jama'a suka koma kujerunsu, amma bidiyon bai tsaya ba, domin a wannan kullen ne muka gane yawan mutanen da tun kafin annobar ma ba sa iya zuwa: tsofaffin da ciwon ƙafa ya zaunar, marasa lafiya da masu jinyarsu, ma'aikatan da aikinsu yake faɗawa ranar Lahadi, da 'ya'yan ikkilisiya da karatu ko aiki ya kai nesa.

Tacewar kanta ba ta taɓa ba ni wahala sosai ba. Sai in yanke farkon ɗaukar inda ake gwada makirufo ana gyara kujeru, in daidaita muryar mai wa'azi, in rubuta kan wa'azin da ayoyin da aka karanta a ƙasan hoto, shi ke nan. Wahalar tana somawa ne daga lokacin da na danna maɓallin fitarwa, wato umarnin da yake sa kwamfuta ta haɗa aikin da aka tace ya zama fayil ɗin bidiyo guda. Sujadarmu takan kai awa uku, kuma kwamfutar takan ɗauki abin da ya ninka haka kafin ta gama, fankarta tana kuka har iyalina su yi barci su bar ni ina kallon layin da yake nuna ci gaban aiki yana tafiyar hawainiya. Wani lokaci sai ta kusa gamawa manhajar ta tsaya cak. Wani lokaci kuma ta gama lafiya, da safe a ga an sa lambar ayar da ba ita aka karanta ba, dole a koma farko saboda lamba ɗaya. Tun da yake ina da aikina na ranar Litinin, sau da yawa bidiyon ba ya isa ga jama'a sai Talata da dare ko Laraba.

Abin da ya tayar mini da hankali ya faru ne ranar da na raka Baba Fasto kai Jibin Ubangiji ga wata dattijuwa da ta daɗe ba ta iya fita. Da aka gabatar da ni, sai ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, ashe kai ne mai aiko mana da sujada a waya, Ubangiji ya sa maka albarka. Sai dai ni kowace Lahadi nakan yi wanka in sa kayana na sujada in zauna da Littafi Mai Tsarki a cinya, jikata ta yi ta duba wayar, mu ji shiru har Laraba." Ba da faɗa ta yi maganar ba, har da dariya ta ƙarasa ta. A hanyarmu ta komawa na ce wa Baba Fasto abu biyu ne kawai mafita, ko a sayi sabuwar kwamfuta ko a nemi wani ya karɓi aikin. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ɗana, kafin mu kai maganar sabuwar na'ura gaban dattawa, ka fara gano mana abin da wannan ɗin take yi duk tsawon daren." Shi bai san komai game da bidiyo ba, amma tambayarsa ce ta buɗe mini hanya, kuma na gaskata Ubangiji ne ya sa ta a bakinsa.

Na fara da lissafi. Bidiyo hotuna ne a jere da ake nunawa da sauri, kowane ɗaya ana ce da shi firem. Idan ana ɗaukar firem 30 a daƙiƙa, sujadar awa uku tana da daƙiƙa 10,800, wato firem 324,000, kuma kwamfuta sai ta bi ta kan kowanne. Idan tana iya gama firem 15 a daƙiƙa, aikin zai ci awa shida, idan kuwa ta kai 90 a daƙiƙa, awa guda ya isa. Saboda haka duk maganar saurin fitarwa ta taru a kan abu biyu, yawan aikin da ake ɗora wa kowane firem da kuma wane ɓangare na na'urar ne yake yin aikin. A kan kowane firem ana yin aiki hawa uku. Da farko a warware shi daga matsewar da kyamara ta yi masa, sannan a shafa masa duk gyaran da mai tacewa ya sa, kamar rubutu da launi, daga ƙarshe a sake matse shi cikin sabon fayil. Wanda ya fi nauyi a cikin ukun shi ne yake riƙe sauran, ko da kuwa su biyun suna da sauri.

Matsewar nan ita ta fi ɗaukar hankalina, domin sai da na fahimce ta sauran abubuwa suka zauna. Yawancin kyamarori da wayoyi suna ajiye bidiyo a tsarin H.264, wanda aka kammala a 2003, ko kuma magajinsa H.265 na 2013. A waɗannan tsare-tsare ba kowane firem ake ajiyewa cikakke ba. Ana ajiye cikakken hoto guda, sannan firem ɗin da suke biye da shi a rubuta abin da ya canza kawai. Idan mai wa'azi yana tsaye a mimbari, bangon da yake bayansa da furannin da suke gabansa ba su motsa ba, sai a rubuta motsin hannunsa da leɓensa a bar sauran. Wannan dabara ce take sa fayil ya yi ƙanƙanta, amma neman abin da ya canza tsakanin hoto da hoto, sau dubu ɗari uku da wani abu, aiki ne mai cin ƙarfi ƙwarai.

Wani dare ana cikin fitarwa na buɗe Task Manager na Windows, wurin da yake nuna yadda kowane ɓangare yake aiki. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta mai gudanar da lissafi, tana kan ɗari bisa ɗari, layinta ya manne da saman jadawali. Da na koma shafin katin hoto, wato ɓangaren da yake sarrafa hotuna, sai na ga akwai wani ɗan jadawali na musamman domin matse bidiyo, layinsa kuwa a kwance yake a ƙasa, ko motsi ba ya yi. Ashe a cikin na'urar akwai wani sashe da aka ƙera domin wannan aiki kaɗai, yana zaune haka nan. Kamfanin Intel ya fara sa irin wannan sashe a furosesocinsa tun 2011 da sunan Quick Sync, Nvidia ta kawo nata mai suna NVENC a 2012, AMD ma tana da nata. Manhajojin tacewa ba lokaci guda suka rungumi abin ba. Premiere Pro, alal misali, a 2020 ne ta fara amfani da katin Nvidia da na AMD wajen matse H.264 a kan Windows. Na sabunta manhajar da nake aiki da ita, na sabunta direba, wato manhajar da take gudanar da katin hoto, na shiga saitin fitarwa na mayar da matsewa daga furosesa zuwa wannan sashe. A gwajin farko layin da yake kwance ya tashi, kukan fanka ya ragu, aikin da yake cinye dare ya ƙare tun kafin in yi shirin kwanciya.

Akwai masu cewa matsewar furosesa ta fi kyau, kuma da gaskiyarsu idan aka kwatanta fayil biyu masu girma ɗaya, musamman a kan tsofaffin katuna. Na fitar da minti guda ta hanyoyin biyu, na ajiye su gefe da gefe, na ƙura ido a kan fuskar mai wa'azi da rubutun ayoyi, ban ga bambancin da mai kallo a waya zai lura da shi ba. Hoton mutum ɗaya a tsaye yana magana yana cikin abubuwa mafi sauƙin matsewa. A ganina, wanda yake shirya fim domin babban allo yana da dalilin jiran furosesa, amma mai kai wa'azi ga marar lafiya ba shi da wannan dalilin.

Zafi ma yana da nasa hannu. Furosesa idan ta yi zafi fiye da kima takan rage gudunta da kanta domin kada ta lalace, kwamfutar tafi-da-gidanka kuma takan ja baya idan tana kan batir. Na sa aka buɗe tawa aka share ƙurar da ta toshe fanka, na daina ajiye ta a kan abu mai laushi, na riƙa barin caja a jiki ina kuma zaɓar tsarin wuta mai cikakken ƙarfi duk lokacin fitarwa.

Maganar faifan ajiya kuwa, na tarar ana zuzuta ta fiye da yadda take. Gaskiya ne tsohon faifai mai juyawa yakan karanta abin da bai wuce megabait 100 zuwa 160 a daƙiƙa ba, sabon faifai marar juyawa da ake kira SSD kuwa, irin na SATA yakan kai kusan 550, irin na NVMe kuma ya shiga dubbai. Sai dai fayil ɗin kyamara mai megabit 50 a daƙiƙa bai kai megabait 7 a daƙiƙa ba, tun da megabit takwas ne suke yin megabait ɗaya, ko tsohon faifai zai iya ciyar da shi. Inda SSD ya amfane ni shi ne wajen kwashe fayil daga katin kyamara da kuma lokacin da ake tace kyamara biyu ko uku tare. Haka ma ake zuzuta ƙananan kwafe-kwafen bidiyo da manhaja take yi domin sauƙaƙa tacewa. Suna sa hoto ya riƙa tafiya sumul yayin da kake yanka, amma da an zo fitarwa manhajar takan koma kan fayil na asali, don haka ba sa rage ko minti ɗaya daga lokacin jira. Na ga 'yan'uwa da dama sun ɓata yamma guda wajen yin waɗannan kwafe-kwafe suna tsammanin fitarwa za ta yi sauri, alhali ba maganin wannan ciwon ba ne.

Daga nan sai bincikena ya fita daga cikin kwamfuta ya koma cikin majami'a, kuma a nan ne aka ɗan kai ruwa rana. Ɗan'uwan da yake riƙe kyamara yana ɗauka ne a 4K da firem 60 a daƙiƙa, domin shi ne saiti mafi girma da kyamarar take da shi, kuma a wurinsa aikin Allah ya cancanci mafi kyau. Ban raina wannan zuciya tasa ba. Na zaunar da shi muka yi lissafi a takarda. Hoton 1080 yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimla 2,073,600. Na 4K yana da 3,840 da 2,160, jimla 8,294,400, wato ninki huɗu cif. Idan aka haɗa da firem 60 a maimakon 30, ya zama ninki takwas ke nan na ɗigon da kwamfuta za ta warware, sannan ta rage su zuwa 1080 ɗin da muke ɗorawa, ga mutanen da akasarinsu a allon waya suke kallo. Ya kawo hujja mai ƙarfi, cewa 4K yana ba mai tacewa damar matso da fuskar mai wa'azi ba tare da hoto ya lalace ba, kamar ana da kyamara biyu. Na amsa masa cewa haka ne, amma tun da yana tsaye a bayan kyamarar duk tsawon sujada, zai iya matsowa da gilashinta a lokacin da ya dace. Muka daidaita a kan 1080 da firem 30, na kuma mai da saitin tacewa da na fitarwa daidai da na kyamara, domin kada kwamfuta ta ɓata ƙarfi wajen sauya girma ko yawan firem.

Gyara mafi nauyi a cikin aikina shi ne na goge yashin hoto. Wajen mimbarinmu ba shi da wadataccen haske, kyamara kuma idan haske ya yi mata kaɗan sai ta ƙara ƙarfin ganinta, hoton ya cika da ƙananan ɗigo masu rawa kamar an watsa masa yashi, musamman a kan baƙar kwat da inuwar bango. Manhaja tana iya goge shi, amma sai ta kwatanta kowane firem da waɗanda suke gabansa da bayansa, wanda ya sa wannan gyara shi kaɗai yake ninka lokacin fitarwa. Har ila yau yashin da kansa yana wahalar da matsewa, domin a wurin kwamfuta kowane ɗigo da ya yi rawa canji ne da dole a rubuta. Na je wurin dattijon da yake kula da ginin na ce, "Baba, ina roƙon fitila biyu a saman mimbari, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, su haska fuska ba bango ba." Ya dube ni ya ce shi a iya saninsa kowa yana ganin Fasto sarai. Na nuna masa hoton a waya, na faɗaɗa wajen kafaɗar kwat inda ɗigon suke ta motsi, sai ya gyaɗa kai. Da aka sa fitilun, yashin ya ragu har na cire gyaran gaba ɗaya. Haka aka yi da gyaran girgizar hoto, wanda shi ma yake da nauyi: aka ɗaure kyamara a kan ƙafarta mai uku, aka matsar da ita daga inda yara suke wucewa suna taɓa ta.

Babban sauyin da ya fi duka ya zo ne da na tambayi kaina ko dole ne ma a sake matse bidiyon. A yawancin Lahadi ba na canza komai a cikin hoton, yanke farko da ƙarshe kawai nake yi da ɗan wani wuri a tsakiya. Sake matse awa uku saboda wannan daidai yake da mutum ya sake rubuta littafi da hannu daga bango zuwa bango don yana so ya cire shafi biyu. Akwai manhajar kyauta mai suna FFmpeg, wadda aka fara tun shekarar 2000, tana iya kwafe bidiyo yadda yake, ta yanke inda aka ce, ba tare da ta warware ko ta sake matse firem ko ɗaya ba. Ga wanda ba ya son rubuta umarni, LosslessCut tana yin wannan aikin da maɓallai, kuma a kan FFmpeg ɗin aka gina ta. Saurin abin saurin kwafe fayil ne kawai, 'yan mintoci ga sujada guda, hoton kuma ba ya rasa komai na kyansa tun da ba a taɓa shi ba. Sharaɗinta guda ne: tun da sauran firem sun dogara ga cikakken hoton da ya gabace su, yankan yakan faɗa a kan cikakken firem mafi kusa, ba lallai a daidai inda ka nuna ba. Idan cikakkun firem suna zuwa duk bayan daƙiƙa biyu, kuskuren yankan ba zai wuce haka ba, kuma a sujada akwai shiru mai yawa tsakanin waƙa da addu'a da za a iya yanka a cikinsa.

Abin da ya rage shi ne rubutun ayoyi da kan wa'azi, domin duk rubutun da aka ɗora a kan hoto bayan ɗauka yana tilasta sake matsewa. Sai na lura cewa 'yar'uwar da take kula da majigi ta riga ta rubuta ayoyin da baitocin waƙoƙi tun kafin sujada, tana nuna su ga jama'a a daidai lokacinsu. Muka haɗa kyamara da kwamfutar majami'a, muka sa manhajar OBS Studio, wadda ita ma kyauta ce, ta riƙa haɗa hoton kyamara da rubutun majigi da sautin miksa, wato na'urar haɗa sauti, a lokacin da ake sujadar, tana matsewa nan take da wancan sashe na katin hoto. Da an ce Amin na ƙarshe, fayil ɗin ya riga ya zama bidiyo gamamme. Muna ɗauka a tsarin mkv, domin idan wuta ta ɗauke ko kwamfuta ta tsaya, abin da aka ɗauka zuwa wannan lokacin yana nan, alhali fayil ɗin mp4 na yau da kullum da ba a rufe shi daidai ba yakan ƙi buɗewa gaba ɗaya. Mayar da mkv zuwa mp4 daga baya canjin mazubi ne kawai, OBS ɗin tana yin sa cikin ɗan lokaci.

Sauti nake ba kulawa fiye da hoto, domin mai sauraron wa'azi zai haƙura da hoto mai dishi-dishi amma ba zai haƙura da muryar da ba ya ji ba. Sa'ar da aka yi ita ce gyaran sauti ba shi da nauyi ga kwamfuta. Nakan cire sautin shi kaɗai, in rage gurnanin fanka da na lasifika, in ɗaga muryar mai addu'ar da ya yi nesa da makirufo, sannan in mayar da shi jikin bidiyon ba tare da an taɓa hoton ba. Idan wani ya kawo ɗaukar waya, sai na yi hattara, domin wayoyi sukan canza yawan firem a daƙiƙa gwargwadon haske da zafi, abin da yake sa murya da leɓe su rabu sannu a hankali a doguwar ɗauka. Irin wannan nakan fara bi da shi ta manhajar HandBrake in tsayar da yawan firem ɗinsa wuri ɗaya kafin ya shiga aikin.

Na kuma gane cewa jiran bai ƙare a fitarwa ba, akwai ɗorawa a intanet. YouTube tana ba da shawarar megabit 8 a daƙiƙa ga bidiyon 1080 mai firem 30, wanda yake daidai da gigabait 3.6 a kowace awa. Fitar da fayil mai ninkin wannan ƙara tsawon ɗorawa ne kawai, tun da dandalin zai sake matse shi da kansa kafin ya kai ga mai kallo. Na daina zaɓar matsewa mai zagaye biyu, wadda take bin bidiyon sau ɗaya domin nazari sannan ta sake bi domin rubutawa. Na kuma fara ware wa'azin daga sauran sujada in ɗora shi da farko, tun da shi aka fi jira, cikakkiyar sujadar ta biyo baya. Domin masu ƙarancin data, nakan fitar da muryar wa'azin kaɗai, wadda a kilobit 64 a daƙiƙa wa'azin minti 45 bai kai megabait 22 ba, ana iya tura shi ta WhatsApp.

Akwai wani ɓangare da ba na na'ura ba ne, amma yana cin lokaci kamar na na'ura. Ba duk abin da aka faɗa a cikin majami'a ne ya dace ya fita duniya ba. Akan ambaci sunan marar lafiya da irin ciwonsa a roƙon addu'a, wani yakan ba da shaidar da ta shafi sirrin gidansa, akan kira yara gaba fuskokinsu su cika hoto, wani lokaci kuma a sa waƙar da take da haƙƙin mallaka, wadda za ta iya sa dandali ya toshe sautin ko bidiyon. A da sai na kalli awa ukun kafin in gano waɗannan wurare, ko kuma a kira ni bayan an ɗora a ce a sauke. Yanzu akwai mai zama kusa da kwamfutar ɗauka da takarda da biro, yana rubuta mintin da kowane sashe ya fara da inda ya ƙare, yana sa alama a duk wurin da ya ga ya kamata a tambaya. Kafin Baba Fasto ya bar ofis nakan nuna masa takardar, ya ce a cire wannan a bar wancan, ni kuma in tafi kai tsaye zuwa waɗannan mintoci. Ayoyin majigi ma akan duba su tare da mai wa'azi tun ranar Asabar, domin abin da ya shiga hoto a lokacin ɗauka ba ya gyaruwa cikin sauƙi.

Shaidata a nan ita ce, ba a sayi sabuwar kwamfuta ba, wadda nake da ita tun farko ita ce take aikin har yanzu, kuma wa'azi yakan isa wayoyin jama'a tun rana ba ta faɗi ba a ranar Lahadin da aka yi shi. Jikar dattijuwar nan ta aiko mini da saƙo cewa yanzu Mama takan saurara da kayan sujadarta a jiki, tana amsa Amin a inda jama'a suke amsawa. Ni ma an yi mini jinƙai ta inda ban roƙa ba. Akwai lokacin da nake zama a sujada jikina yana kan kujera amma hankalina yana kan daren da yake jirana, ina ƙirga tsawon kowace waƙa da kowace sanarwa a matsayin ƙarin awoyin fitarwa, har nakan ji haushi idan Ruhu ya bi da mai addu'a ya tsawaita. Wannan nauyi ya sauka daga kaina, ina jin wa'azi kamar kowa, yammacin Lahadi kuma ya koma hannun iyalina. Ina yi wa Ubangiji godiya saboda wannan, da kuma saboda 'yan'uwan da suka yarda aka canza yadda suka saba aiki.

Ba kowace sujada ce take bin gajeriyar hanyar ba. A Kirsimeti da Ista, da ranar da ƙungiyoyin mawaƙa suke haɗuwa, mukan ɗauka da kyamara fiye da ɗaya, kuma dole a zauna a tace a zaɓi kusurwa, sannan a fitar ta cikakkiyar hanya. A irin wannan rana ce raunin matsewa mai sauri yake bayyana, domin mutum hamsin suna rawa cikin tufafi masu zane, kowane ɗigo na hoton yana canzawa, a megabit 8 sai fuskoki su fara farfashewa zuwa ƙananan murabba'ai. Saboda haka nakan ɗaga zuwa megabit 12 ko sama da haka, in zaɓi wurin da motsi ya fi yawa in fitar da minti guda in duba a waya da kuma babban allo, sai na gamsu sannan in saki sauran. Wa'azin ranar nakan yanke shi daga ɗaukar OBS in tura da wuri kamar kullum, bidiyon mawaƙa kuma ya fito a tsakiyar mako, an kuma sanar da jama'a haka tun daga mimbari. Matasa biyu suna koyon aikin a hannuna yanzu, kuma saitin kyamara da na OBS da na fitarwa duk suna rubuce a takarda guda da aka manna a cikin murfin akwatin kyamara, domin ranar da ba na nan kada wani ya mayar da ita 4K.